Na aje alli amma ban aje lissafi ba

Jama'a bari in faɗi abin da ke raina kan wanga batu, don 'yan uwa da abokai sun ishe ni da tambaya, wai mi zai sa mutum ya yi digiri a lissafi, ya koyar da shi a sakandare, sannan rana tsaka ya ce ya koma karatun tattalin arzikin muhalli. Kawuna cewa ya yi, "Muhalli kuma ɗana? Shara za ka riƙa kwashewa ko icce za ka shuka?" Allah ya ja da ran kawu, ba shi kaɗai ke wanga tunani ba.

A nan Kebbi in ka gama lissafi hanya biyu ake nuna maka, ko aji ko banki, bankin ma sai mai uwa a gindin murhu. Koyarwa ba abin rainawa ba ce wallahi, amma cewa iyakar amfanin lissafi ke nan shi ne ban yarda da shi ba. Harold Hotelling da ya fitar da ƙa'idar yadda ya kamata a haƙo ma'adanin da ke ƙarewa a 1931, masanin lissafi ne. Partha Dasgupta da gwamnatin Birtaniya ta ba aikin rahoton tattalin arzikin halittu na 2021, sai da ya karanta lissafi a Jami'ar Kambirij kafin ya koma tattalin arziki. To ni ba wata bidi'a na ƙirƙiro ba.

Abin da fannin ke yi a taƙaice shi ne lissafa asarar da ke faɗawa kan wanda bai ci ribar ba, kuma in dai wanga ne ai mu nan mun fi kowa sanin zafinsa. Ku duba dam ɗin Bakolori kusa da Talata Mafara. An lissafa kadadar da za a yi wa ban ruwa, an lissafa kuɗin kwangila, amma manoman fadama da masunta na ƙasan gulbi waɗanda ambaliyar kowace shekara ce ke jiƙa musu gona ta kawo musu kifi, su ba su shiga lissafin yadda ya kamata ba, ruwa ya ragu musu noma ya ja baya, ga kuma waɗanda aka tasa daga gonakinsu da rigimar diyya ta kai har aka rasa rayuka a 1980. Sannan ga Zamfara a 2010, gubar dalma a Anka da Bukkuyum, yara wajen 400 suka rasu saboda ana daka dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gida. Mai sayen zinariya ya biya kuɗin zinariya ya tafi abinsa. Kuɗin maganin yaran da suka rayu, da kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyuka irin su Bagega, da ƙwaƙwalwar da gubar ta taɓa har abada, wa ya biya? Ba a cikin farashin yake ba.

Wurin da ya fi ja na shi ne maganar gobe, wato nawa ne darajar asarar da za ta zo bayan shekara 50 in an auna ta da kuɗin yau. Wanda ya yi lissafi a aji uku na sakandare ma zai iya gwadawa. Ka ɗauki asarar naira miliyan 100 da za ta samu jikokinmu nan da shekara 50, tun da kuɗin gobe bai kai na yau daraja ba, in kana rage mata kashi 1.4 cikin ɗari duk shekara, kamar yadda Nicholas Stern ya yi a rahotonsa na sauyin yanayi a 2006, darajarta yau kusan miliyan 50 ce. In ka sa kashi 5 kuwa ko miliyan 9 ba ta kai ba. Lamba ɗaya tak ka canza amma sai aikin kare daji ko gyaran gulbi ya tashi daga abin da dole a yi ya koma abin da ba ya biyan kuɗinsa. Masanin tattalin arziki William Nordhaus da ya ci kyautar Nobel a 2018 sun yi ta ja-in-ja da Stern kan wagga lamba. Mu kuma ana kawo muna takardar aiki an riga an zaɓa muna lambar, mu sa hannu mu ce madalla, babu mai tambayar daga ina ta fito.

Amma kar wani ƙanena ya karanta wanga ya ɗauka da ya iya kalkulas, wato lissafi mai zurfi, shi ke nan ya gama. A'a. Sai ka koma ka zauna ka koyi tattalin arziki tun daga tushe, ka iya ƙididdiga da manhajojin kwamfuta irin su R ko Stata ko Python, kuma sai ka sauke girman kai ka shiga fadama. Mu 'yan lissafi muna da wata cuta ta ganin duk abin da bai shiga takarda ba shirme ne. Alhali je ka Argungu ka ga yadda ake hana kamun kifi a gulbin Matan Fada sai lokacin bikin kamun kifi, Sarkin Ruwa na lura, kifi ya samu ya hayayyafa ya girma. Irin wanga tsari na jama'a su kula da dukiyar da suka yi tarayya a kanta shi Elinor Ostrom ta yi bincike a kai har ta samu Nobel a 2009, Kabawa kuwa tun kaka da kakanni suke yi ba su jira kowa ba.

Maganar aiki kuma, ba zan yi muku daɗin baki ba, ba wai ofisoshi ne ke jiranka da kujera ba. Akwai dai ƙofofi, ga dokar sauyin yanayi ta 2021, ga shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da ruwa da Bankin Duniya ke tallafa wa a jihohin Arewa, ga jami'o'i, duk suna buƙatar wanda ya iya auna riba da asara da gaske ba kwafe-kwafe ba. Wanda ke da iyali kuma ina ganin gara ya riƙe aikinsa ya yi mastas ɗin a hankali.

Ni yanzu abin da ke cin raina injin ban ruwa ne. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 masu noman rani da dama suka fara komawa sola, kuma abu ne mai kyau, ba hayaƙi ba kuɗin mai. Sai dai da can tsadar fetur ce ke sa manomi ya kashe inji da wuri, yanzu rana kyauta ce, babu abin da zai hana shi jan ruwa tun hantsi har la'asar. In kowa a fadamar Jega da Suru da Argungu ya yi haka, ruwan ƙasa nawa damina ke mayarwa, nawa muke ja? A kan wanga nake so in yi bincikena, kuma duk manomin da ke da rijiyar tiyub da zai bar ni in riƙa auna zurfin ruwanta a rani, don Allah ya neme ni.