Zuwa ga masanin da ke kallon wasa bayan gari ya waye

Ban kama sunan kowa ba, kuma ba zan kama ba. Amma akwai wani bawan Allah a cikinmu da ya naɗa wa kansa rawanin sharhin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, alhali abu ɗaya tak ya sani game da ɗan wasa: maki nawa yake ci. Bara 14, bana 22, sai ka ji "yaro ya ƙaru". Bara 18, bana 16, "yaro ya lalace". Wasannin nan ƙarfe ɗaya ko biyu na dare ake yin su a agogonmu, lokacin malamin namu ya yi nisa a minshari. Gari na wayewa sai ya buɗe waya, ya kwashi lambobi, ya shiga karanta wa waɗanda suka kwana ido biyu abin da ya faru.

Bari mu ɗauko wanda ya fi son kafa hujja da shi, Zach Edey na Purdue, dogon nan ɗan Toronto mai ƙafa bakwai da inci huɗu. A kakar 2021-22 yana cin maki 14.4 a wasa, kakar da ta biyo ya koma 22.3, aka ba shi gwarzon ɗan wasan jami'o'i na ƙasa. Malam ya yi ta buga ƙirji wai ƙarin maki takwas ne shaidar yaro ya koyi jefa ƙwallo. Da ya ɗan matsa ido zuwa layin da ke gefe, da ya ga mintuna. A kakar 2021-22 minti 19 kawai Edey ke samu a wasa, don koci Matt Painter yana raba gurbin tsakaninsa da Trevion Williams. Williams ya gama ya tafi, abokin wasansu Jaden Ivey ya wuce Detroit Pistons ta gasar ƙwararru NBA, Edey ya koma buga kusan minti 32. Wasan jami'a minti 40 ne. Ka auna makin kowace kaka a kan minti 40, za ka tarar ya haura 30 a ta farko, a ta biyu kuwa bai wuce 28 da 'yan kai ba. Cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando ma haka: daga 7.7 zuwa 12.9, amma a kan minti 40 kusan 16 ne a duka biyun. Jifan da ke shiga masa har raguwa ya yi, daga kusan 65 cikin ɗari zuwa 61. Mai shago ne ya ƙara awannin buɗe shago, ciniki ya ƙaru, malam kuma yana shela wai kaya ne suka canza.

To Edey bai ƙaru ba ke nan? Ya ƙaru ƙwarai, sai dai ba a inda mai lissafin safiya ya nuna ba. Mutum mai wannan jiki ya yi minti 32 yana hawa da sauka ba tare da numfashi ya ƙare masa ba, wannan aikin damina ne da ba ya fitowa a allon maki. A wasan jami'a keta biyar ke fitar da mutum, kuma dogaye su ne suka fi saurin tara ta. Edey ya koyi tsayawa da hannu a sama maimakon kai duka, shi ya sa ba ya komawa benci da wuri. Jifan kyauta da ake ba shi in an yi masa keta ya tashi daga kusan 65 cikin ɗari zuwa 73, kuma wannan shi ne jifa guda da babu mai tsaro, babu taimakon abokin wasa, daga kai sai kwando. In ya gyaru, hannunka ne ya gyaru. Sannan duk ƙungiyar da za ta kara da Purdue a kakar ta biyu, Edey ne abin da ta kwana tana shiryawa. Mutum biyu ke rufe shi, wani lokaci uku. Riƙe kusan abin da kake yi a da alhali kowa ya taso maka, ai ƙaruwa ce babba, ko da lambar ta ɗan sauka.

Abin dariyar shi ne ranar 17 ga Maris 2023, da Fairleigh Dickinson, ƙungiya ta 16 a jeri, ta fitar da Purdue ta ɗaya daga gasar zakarun jami'o'i ta ƙasa da ci 63 da 58. Bakin da ya yi wata huɗu yana yabo, shi ne washegari ya ce dama can yaron tsawo ne kawai. Edey ya ci 21 ya cafke 15 a wasan. Abokansa ne suka jefa na maki uku sau 26, biyar suka shiga, masu tsaro suka bar su suka taru a kansa, ƙwallo ta daina isa hannunsa a mintunan ƙarshe. Shekara ta zagayo, abokin wasansa Braden Smith ya ƙara gogewa, an kawo Lance Jones daga Southern Illinois, jifan nesa ya fara shiga, fili ya buɗe, Edey ya kai maki 25.2, suka je wasan ƙarshe inda jami'ar Connecticut (UConn) ta doke su 75 da 60 duk da 37 ɗin da ya ci. Malam ya dawo da kirari kamar ba shi ne ya yi jana'izar yaron bara ba. Wani ɓangare na wannan 25 ɗin na Smith ne da Jones, amma su ba sa cikin layin da yake kwafowa.

Akwai kuma Johnny Davis na Wisconsin, wanda malam ya daina ambata gaba ɗaya, Allah ne masanin dalili. Daga maki 7 zuwa 19.7 a kakar 2021-22, har da 37 da ya zuba wa Purdue a gidansu. Yaro ne mai zuciya, ba wanda ya musa. Amma manyan ƙungiyar sun tafi, ƙwallo ta zama tasa, mintuna suka ƙaru, jifan maki uku kuma ya sauka daga kusan 39 cikin ɗari zuwa ƙasa da 31. Ko 39 ɗin ma daga jifa 'yan kaɗan aka same shi, bai isa a gina hukunci a kai ba. Washington ta ɗauke shi na 10 a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 2022, ya kasa samun gurbi tsayayye. A shekarar ce Keegan Murray na Iowa ya tashi daga 7.2 zuwa 23.5 bayan tafiyar Luka Garza, shi kuma jifansa gyaruwa ya yi duk da nauyin da aka ɗora masa. A allon malam tsalle iri ɗaya suka yi.

In ana son ganin ƙaruwa da ba ta da gardama, a duba Buddy Hield na Oklahoma. Maki 17.4 zuwa 25, mintuna ba su ƙaru sosai ba, yana jefa na maki uku fiye da bara, amma shigarsu ta tashi daga kusan 36 cikin ɗari zuwa kusan 46. Ko a nan mai adalci zai tuna cewa a kakar 2015-16 ce aka rage lokacin riƙe ƙwallo daga daƙiƙa 35 zuwa 30, wasa ya ƙara sauri, maki suka ƙaru a ko'ina. Haka a 2019 aka ja layin maki uku baya, don haka wanda ya ɗan sauka a kakar ba lallai hannunsa ne ya mutu ba. Na san wani bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin biyun nan ba.

Nuwamba na tafe, lokacin da manyan jami'o'i ke gayyato ƙananan makarantu gida suna yi musu ruwan maki. Kafin wasa na huɗu malam zai fito mana da sabon gwarzo. Ranka ya daɗe, wannan karon ka haɗo mana da mintunan yaron, da wanda ya bar ƙungiyar, da makarantun da aka ci, sannan ka jira Janairu a fara wasannin rukuni. In kuma barcin ba zai bari ba, ana sake nuna wasan da rana.