Masu dogon rubutu, shafin intanet bai kai tsadar da ake gaya muku ba

Tambayar da ta fi yawan shigo mini ta akwatin saƙo daga malaman makaranta, marubuta da masu tattara tarihin garuruwansu ita ce: "Malam, nawa zan tanada in buɗe shafin intanet? Ni fa ban iya kwamfuta ba." Wasunsu sun riga sun je an yanka musu farashin da ya sa suka haƙura. Amsata ba ta canzawa. In dai rubutu ne hajarka, ba kanti za ka buɗe ba, ba kuma kuɗin mutane za ka riƙa karɓa ta shafin ba, to abu ɗaya ne ya cancanci ka cire masa kuɗi, shi ne sunan adireshin, wato sunan da ake rubutawa a shiga shafinka, irin mai ƙarewa da .com. Shi ɗin ma ba dole ba ne a ranar farko. Sauran duk akwai su kyauta, kuma duk wanda ya iya liƙa rubutu a Facebook ya riga ya iya rabin aikin.

Amma bari in fara da abin da ya fi ci mini rai. Muna rubutu da Hausa a intanet fiye da yadda ake zato. Ga mai kawo tarihin sarautar garinsu kashi-kashi, ga malamin da ke warware mas'alolin gado, ga likitan da ke bayanin hawan jini, ga matan da ke rubuta littafi sukutum a WhatsApp, kullum shafi ɗaya. Duk a ina ake zubawa? Facebook, WhatsApp, Telegram. Ban ce a bar Facebook ba. Kasuwa ce, a nan jama'a suke, a nan ake jin ka. Sai dai ba wanda ke ajiye hatsin shekara a tsakiyar kasuwa, rumbu ake gina masa. Gwada neman wani rubutu da ka yi shekara biyar baya ka gani. Za ka yi ta jan allo da yatsa har datarka ta ƙare. Wanda ya nemi batun a Google ma ba kasafai zai ci karo da shi ba. Ranar da aka sace asusun ko aka rufe shi kuwa, shi ke nan. Na WhatsApp ya fi ban takaici: littafi ya yi ta yawo daga zaure zuwa zaure har sunan marubuciyar ya faɗi a hanya.

Wannan ba tsoratarwa ba ce, an sha gani. A farkon shekarun 2000, kafin Facebook ya shigo mana, a majalisun Yahoo Groups marubuta da masu nazarin finafinan Hausa suke tafka muhawara ta imel. Daga ƙarshen 2019 kamfanin ya fara share abin da aka tara, a Disambar 2020 ya rufe dandalin ɗungurungum. Shi dai Yahoo ɗin ne ya rufe GeoCities, dandalinsa na buɗe shafuka kyauta, a 2009 da miliyoyin shafukan mutane a ciki. Google ya kashe dandalinsa na sada zumunta, Google+, a Afrilun 2019. Mu nan Najeriya mun ga an toshe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wata bakwai. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, har gobe mai bincike zai iya samun tsofaffin kwafenta ya karanta, amma muhawarar da aka yi shekara ashirin baya a intanet sai dai a ba ka labarinta.

To ina za a nufa? Ni dai ga wanda bai da ko sisi kuma bai san komai ba, Blogger, dandalin buɗe shafin rubutu kyauta, nake nuna masa, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na san matasan da ke harkar gina shafuka za su yi dariya, su ce kayan tsofaffi ne. Gaskiya ne tsoho ne: wani ƙaramin kamfani mai suna Pyra Labs ya fito da shi a 1999, Google ya saye shi a 2003. Tsufan nan shi ne abin da ya sa nake son sa. Da adireshin Gmail ɗinka za ka shiga, ka ba shafin suna, ka zaɓi fasali mara hayaniya, ka fara liƙa rubutu. Ba kuɗin masauki, wato hayar wurin da ake ajiye shafi a intanet, ba wata manhaja da za ka riƙa sabuntawa, ba tallar da za a liƙa maka ba da saninka ba. Tsaron shafin duk Google ke ɗauke da shi. Ko rubutu dubu ka zuba ba zai yi nishi ba, ko mutum dubu suka shigo rana ɗaya ba wanda zai aiko maka da takardar biya. In ka sayi sunan adireshi naka daga baya, za ka haɗa shi da shafin ba tare da Blogger ya karɓi ko kwabo ba.

Wani zai ce, to ba kai ne yanzu ka gama cewa Google ya kashe Google+ ba? Me zai hana ya kashe wannan? Babu abin da zai hana. Bambancin shi ne a nan kana iya kwashe kayanka. Ta Google Takeout za ka sauke duk rubuce-rubucenka a dunƙule, kuma WordPress, wata manhajar gina shafi, na da hanyar shigo da kayan Blogger. In adireshin naka ne, ka yi ƙaura masu karatunka ba su ma sani ba. Tambayar da za ka yi wa duk wani dandali kafin ka zuba masa guminka ke nan: ranar da na tashi tafiya, zan fita da kayana?

Da wannan ma'aunin nake auna sauran. WordPress.com, wanda kamfanin Automattic ya buɗe a 2005, shi ma yana da tsarin kyauta, wurin rubutunsa ya fi na Blogger kyau, kuma fitar da kaya daga cikinsa ba wuya. Illarsa ita ce a tsarin kyautar su za su sa tallarsu a shafinka, in kuma kana son adireshinka na kanka sai ka shiga tsarin biya, da dala. Google Sites ya dace da makaranta ko ƙungiyar da ke son shafi goma sha wani abu: tarihinmu, shugabanninmu, yadda ake neman gurbi. Amma ba a yi shi don mai rubutu kullum ba, gyaransa sai da kwamfuta, ƙaura daga cikinsa kuma sai ka kwafe shafi-shafi da hannu. Wix ya fi su ƙyalli, ja ka ajiye kawai, sai dai abin da ka gina a can a can zai zauna, ba ka ɗaukarsa zuwa wani wuri. Dandalan marubuta irin su Medium da Substack suna da daɗin karatu, amma taron da ke can ba masu karatun Hausa ba ne.

Akwai kuma wata hanya da 'yan boko na kwamfuta ke yabo, kuma suna da gaskiya: a mai da rubutu shafuka tsagwaronsu da manhaja irin su Hugo ko Jekyll, a ɗora a GitHub Pages ko Cloudflare Pages kyauta. Ba abin da ya kai shi saurin buɗewa. Amma ranar da wani abu ya karkace, malamin Islamiyyar da ke Funtuwa da wayarsa kaɗai ba shi da yadda zai yi. In kana da ɗa ko ƙane a harkar wanda ba zai gaji da kai ba, bismillah. In babu, wuce.

Abin da aka fi sayar wa mutanenmu shi ne WordPress na ɗora-da-kanka: a saya maka masauki, a girka manhajar, a ƙawata. Manhajar ba ta da laifi. Matt Mullenweg da Mike Little suka fara ta a 2003, yau sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Manyan jaridu na amfani da ita. Amma jarida na da ma'aikacin da aikinsa ke nan. Kai fa? Kuɗin masauki duk shekara, ƙananan manhajojin da aka liƙa mata kowacce na neman sabuntawa, in ka yi sakaci ka wayi gari shafin tafsirinka na tallar caca. Ga kuma dala: kafin Yunin 2023 farashin gwamnati bai kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ke biyan masauki a waje ya ji a jikinsa, shafuka da yawa a lokacin suka mutu shiru. Ba ina kashe wa masu gina shafuka kasuwa ba ne. Asibiti, jami'a, kanti, gidan jarida, duk suna bukatarsu. Mai rubutu zalla ne ba ya bukata.

Yanzu batun sunan adireshi, wanda masu harkar ke ce wa domen. Haya ake yi duk shekara, ba saye na har abada ba. Mai ƙarewa da .com yakan kama dala 10 zuwa 15 a shekara. Na Najeriya, .ng da .com.ng, ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, ana biya da naira ta hannun kamfanonin da ta amince da su, kuma .com.ng ya fi .com sauƙi nesa ba kusa ba. 'Yan uwanmu na Nijar nasu .ne ne, na Ghana .gh. Ka tambayi kuɗin sabuntawa kafin ka biya, domin rangwamen shekarar farko tarko ne a wurare da yawa. Ka kuma guji domen na kyauta. Waɗanda suka dogara da .tk da ire-irensa na kamfanin Freenom sun gani a 2023, lokacin da ya daina ba da sababbi, daga baya ya fice daga harkar.

Ga wurin da nake so a buɗe kunne. Ko wa zai taimaka maka, da sunanka da imel ɗinka za a yi rajistar adireshin, kai ne kuma za ka riƙe kalmar sirri. Sau nawa muka ji makaranta ko ƙungiya ta rasa shafinta saboda yaron da ya buɗe musu ya tafi bautar ƙasa, ya canza lamba, ko an ɓata da shi? Ba lallai mugunta ba ce, wani lokacin mantuwa ce kawai: ranar sabuntawa ta wuce, saƙon tuni yana shiga akwatin wanda ya daina dubawa, wani can ya saye sunan.

Masu tunanin kuɗin talla kuma, ku sassauta buri. A jerin harsunan da AdSense, tsarin Google na biyan masu shafi kuɗin talla, ke karɓa babu Hausa. Shi ya sa kuke ganin shafukanmu cike da gutsattsarin Turanci marasa kai da gindi, an cusa su don a samu amincewa, an lalata wa mai karatu wuri. In shafinka zai kawo maka kuɗi, ta hanyar sunan da zai yi maka ne: a sayi littafinka, a gayyace ka koyarwa, ɗan kasuwar garinku ya ba ka talla hannu da hannu.

Aikin da ba wanda zai yi maka, kuma shi ne ainihin aikin, shi ne tsari. Shafi mai rubutu ɗari uku ba tsari, da shi da Facebook duk ɗaya. Ka ba kowane rubutu take mai faɗin abin da ke ciki; "Tarihin ganuwar Kano, kashi na 3" ya fi "Ci gaba daga jiya". Ka yi amfani da lakabi kaɗan ka tsaya a kansu, kada yau ka rubuta "Fiƙihu", gobe "Fikihu", jibi "Fiqhu", su zama rukuni uku. Ka ware shafi guda ka jera duk abin da ka rubuta da mahaɗinsa, kamar abin da ke cikin littafi. Ka sa akwatin nema a sama inda ido zai gan shi.

Sannan ka tuna da wa kake yi wa. Mai karatunka da ƙaramar waya yake, a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ga hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Hoto ɗaya da ka ɗauka da waya ka ɗora yadda yake zai iya fin rubutun littafi guda nauyi. Rage girmansa kafin ka ɗora, ko ka bar shi in ba dole. Hotuna masu shawagi, agogo, furanni masu zubowa, duk ka cire. Baƙin rubutu a kan fari, haruffa manya, shi ke nan. Kafin ka tsaya a kan wani fasali, rubuta "ƙasa", "ɗaki", "ɓera" ka duba a wayoyi biyu ko uku, domin wasu nau'o'in haruffa ba su san masu lanƙwasa ba, sai ka ga ƙ ta fito wata iri ko akwati ya maye gurbinta. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, ba ka da uzurin barin su.

Littattafai na PDF da karatuttukan murya kada ka cusa su cikin shafin. Internet Archive, ma'ajiyar intanet da Brewster Kahle ya kafa a 1996, tana karɓarsu kyauta. Ka ɗora a can, ka kawo mahaɗin shafinka. In dai naka ne, ko ka samu izinin mai shi. A can ɗin ma akwai inda za ka liƙa adireshin rubutunka a adana kwafinsa, ko shafin ya mutu wata rana a same shi. Facebook kuwa ka ci gaba da shiga: ka sa sakin layi biyu ko ma rubutun duka, ka liƙa mahaɗin a ƙasa.

Saura batun da ba mu son tunawa. Tun Disambar 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar cewa asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba ana iya goge shi. Malami ya rasu, shafinsa na kan imel ɗin da shi kaɗai ya san kalmar sirrinsa, magada ba su ma san akwai shi ba. Blogger na ba da damar ƙara wani a matsayin mai kula da shafi, don haka tun yau ka ƙara ɗanka, ko matarka, ko almajirin da ka yarda da shi. Duk bayan 'yan watanni ka sauke kwafin ajiya, ka sa ɗaya a filasha, ka tura ɗaya ga wani. Ƙungiya ko makaranta kuwa kada a buɗe da imel ɗin sakatare na ƙashin kansa. A buɗe na ƙungiyar, mutum biyu ko uku su san kalmar sirrin, a kuma rubuta ranar sabunta adireshi a littafin taro tare da sunan wanda zai biya.