Kun ce mu zo gwaji, mun zo, kun mayar da mu gida

Ranar Juma'a bayan an sallame, wasu ma'aikatan lafiya suka kafa tebur a ƙofar masallacinmu a nan Manchester, suna wayar da kai kan sankarar prostate, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Suka ce a Birtaniya namiji 1 cikin 8 ke kamuwa, amma mu baƙar fata 1 cikin 4 ne, don haka daga shekara 45 mu nemi likita a kan gwajin jini na PSA. Shekarata 47. Wannan ciwon ne ya ɗauke Yayana, sai da ya ci ƙashinsa aka gano.

Litinin ƙarfe 8 na buga wa asibitin unguwa. Minti 40 ina riƙe da waya, layi ya katse. Na taka da ƙafata.

Matar da ke kan teburin ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Shekararka nawa?"

Na faɗa.

"Ba ka kai 50 ba."

Na miƙa mata takardar da aka raba mana a masallaci. Da bakin biro ta turo min ita, ba ta karanta ko layi ɗaya ba. Na rage murya na ce Yayana ya rasu da ciwon. Sai ta ɗaga tata: "Kana da matsalar fitsari ne, ko ba ka da ita?" A bayana akwai wata Hajiya 'yar unguwarmu da nake gaisarwa a rusune. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ce in je in cike fom a intanet, ta kira na gaba.

Ciwon da a farkonsa yawanci ba ya nuna alama, ta yaya za a ce sai na kawo alama? Sai na fara fitsarin jini za a saurare ni?

Gwamnati ta san baƙar fata sun ninka farare mutuwa da wannan cuta, amma ƙa'idar neman gwajin ta tsaya a kan 50 ga kowa. Ana tara dattawanmu a masallatai da coci-coci, a sha wahala kafin su yarda su ajiye kunya, sannan su je a tozarta su a gaban jama'a. Shekara 16 ana cire min haraji daga albashi. Mu shida muka yi alkawarin zuwa ranar nan, huɗu sun riga sun ce sun fasa.