Ba dole sai ka sayi rauta ba

Ni fa jama'a akwai abin da yake ɗaure min kai, da zarar mutum ya ce yana son kwamfuta biyu su hau intanet a gida sai kowa ya ce masa je ka sayi rauta ko MiFi, wato na'urorin da suke raba intanet. To da wane kuɗin? Alhali laftof ɗin da ke gabanka zai iya wannan aikin, kuma ba yau aka fara ba, tun Windows 98 SE ta 1999 Microsoft suka saka shi.

Ƙanina ne yake shirin JAMB, destof ɗin gidanmu kuma tsohuwa ce, ko wayfai ba ta da shi. Sai na samo wayar LAN (kebul ɗin haɗa kwamfutoci) guda ɗaya wajen masu gyara, na soka kai ɗaya a laftof ɗina ɗayan a destof, na shiga saitin netwok na buɗe haɗin da yake kawo min data, a shafin Sharing na ba da izini, shi kenan fa. Laftof ya ɗauki lambar adireshin netwok 192.168.137.1 ya koma kamar ƙaramin rauta, shi yake ba wa destof ɗin tata lambar. A da sai ka nemo waya ta musamman wadda aka harɗe zarenta, yanzu kusan kowace kwamfuta tana gane wayar da kanta. In kuma duka biyun suna da wayfai ai ko waya ba ka buƙata, hotspot ɗin Windows 10 yana ɗaukar na'ura har 8.

Amma wallahi ranar farko na ji a jikina. Datar da na saya ta wata guda kafin sallar isha'i ta kusa ƙarewa, na tsare yaron nan da faɗa cewa ƙwallo yake kallo, yana ta rantsuwa ni kuma ban yarda ba. Ashe bawan Allah gaskiya yake faɗa. Ita Windows in ta ga waya aka soka mata ɗauka take intanet ne mara iyaka, sai ta shiga sauke duk ofdet ɗin da ta daɗe ba ta yi ba, ba sallama ba neman izini. Maganin kuwa maɓalli ɗaya ne, ka je saitin Ethernet a kwamfuta ta biyun ka kunna metered connection, wato ka nuna mata datar tana da iyaka, kuma dan Allah ka yi shi KAFIN ka bar ta ta zauna a kan layi, kar ka yi irin nawa.

Inda na yarda da masu cewa a sayi rauta shi ne gida mai mutane da yawa da kowa ke hawa kullum, domin a nan dole laftof ya zauna a kunne, in ya yi barci ko ka fita da shi an yanke wa ɗayan. Mu dai mu biyu ne, har yanzu wayar nan muke amfani da ita, illa dai ina rufe murfin laftof zan ji murya daga ɗaki, "Yaya ka rufe ne? Ina tsakiyar tambaya fa!"