Likitan da aka ƙera ba kai

Ratchet ɗin da kamfanin Hasbro ya fitar a 1984, abin wasan Transformers mai rikiɗa daga motar asibiti zuwa mutum-mutumi, ba shi da kai. Ba karyewa ya yi ba, ba kuma yara suka ɓalle shi ba, haka ya fito daga masana'anta. Wannan bayanin na yi ta yi wa Yaya har yawuna ya ƙafe, ranar da ya dire min nasa a kan teburin da nake gyaran tsofaffin kayan wasa, ya ce in nemo kan in mayar, zai ba ɗansa. Shi abin da ya sani, a katun ɗin Transformers, Ratchet, likitan Autobots, wato ɓangaren jarumai, na da kai da fuska, har da baki yana magana.

"To wa ya sace?" in ji shi.

Na ce babu wanda ya sata. Asalin abin wasan na kamfanin Takara ne na Japan, daga jerin da ake kira Diaclone, kuma motar Nissan Cherry Vanette aka kwaikwaya. A can ba halitta ba ce mai rai, na'ura ce da wani ɗan mutum na roba, wanda bai fi inci ɗaya ba, yake shiga ya tuƙa. Da Hasbro ta ɗauko shi zuwa Amurka sai ta cire direban, ta manna sitikar fuska a jikin kujerarsa, a bayan gilashin gaba, ta ce ga mutum-mutumi. Ironhide, wani daga cikin Autobots, shi ma haka yake, tsari ɗaya ne, shi dai ja ne. In ka buɗe motar gida biyu take rabuwa: gaban ya miƙe tsaye da hannuwa da ƙafafu, rufin da bayan su zama wani dandamali na gyara. Masu katun kuwa ba za su iya da wannan ba. Da hannu ake zana kowane motsi, hoto dubbai, don haka duk layin da ba dole ba sai a share shi, kuma wanda zai yi magana a talabijin dole ya samu fuskar da za ta yi fushi ta yi dariya. Shi ya sa a siffofin da mai zane Floro Dery ya tsara wa katun ɗin aka sauko da gilashin zuwa ƙirji, aka ɗora kai a sama, fari, da ɗan ƙaho mai baki biyu a goshi.

Yaya ya saurara tsaf, ya gyaɗa kai, ya ce, "Duk na ji. Ka yi masa kai."

Magana ta babba. Na ɗauko gam ɗin nan mai ƙulli biyu, na yanko daidai wa daida daga kowanne, na murza har launinsu ya zama ɗaya. In ka ga zane-zanen launi biyu a ciki, bai haɗu ba, kuma wurin ba zai taɓa daskarewa ba. Ana jiƙa yatsa da ruwa kafin a fara siffantawa, in ba haka ba zanen yatsanka ne zai zama fuskar. Na bar shi ya kwana, na goge da samfefa mai lamba 400, na bi da 1000. Ƙahon na yanko shi daga fallen roba mai kaurin rabin milimita. Sai fentin shimfiɗa, sai farin fenti na ruwa, shafi biyu marasa kauri, idanu shuɗi da bakin tsinke. Ba yabon kai ba, kan nan ya yi kyau.

Matsalar ita ce babu wuya. Abin da ya fi komai tsawo a jikin Ratchet na 1984 shi ne gilashin gaba, kuma duk abin da ka dasa a samansa zai tokare rufin idan za a mayar da shi mota. Na ce wa Yaya ya ba ni lokaci in yi tunani. Na fita, na dawo, na tarar ya yi min tunanin: ya ɗiga sufa-gulu a gefen gilashin ya dasa kan, yana zaune yana murmushi.

Sufa-gulu da roba mai garai-garai ba sa ga maciji. Tururin da yake fitarwa yayin bushewa kan kwanta a jikinta ya zama farin hazo, musamman inda maiƙon yatsa ya taɓa. Kafin a jima gilashin ya yi fari fat, fuskar sitikar da ke baya ta ɓace, sai zanen babban yatsan Yaya ya fito raɗau a tsakiya. Muka gwada mayar da shi mota, rufi ya ƙi rufuwa. Abin da muka samu shi ne motar asibiti mai buɗaɗɗen baya, da kan mutum a sama yana leƙen hanya. Yaya ya ce a sa ruwan goge jan farce, wai yana narkar da gam. Yana narkarwa kam, amma tare da gilashin zai narkar. Da bakin reza na ɓanɓare kan a hankali, na bi hazon da jiƙaƙƙiyar samfefa 1500, sannan 2000, na goge da man ƙyalli har fuskar kujera ta sake bayyana tana harararmu.

Ana cikin haka Auta ya shigo. Shi ba ɗan katun ba ne, mujallun zane na Marvel ya taso yana karantawa, waɗanda suka fara a 1984 da niyyar fitowa huɗu kawai, suka ƙare da tamanin a 1991. Ya ɗaga kan, ya juya shi, ya taɓe baki.

"Yaya, wa ya ce muku kan Ratchet fari ne? Ja ne. Ƙahon ne fari."

Abin haushin, yana da gaskiya. A mujallar Marvel hular Ratchet ja ce, domin masu zanen sun yi aiki da samfurin launi na farko-farko, masu katun kuma suka yi da wanda aka gyara daga baya. Haka Soundwave, na ɓangaren miyagu, shuɗi ne a roba da katun, amma a mujalla ruwan makuba. A fitowa ta farko ma an zana Ratchet yadda abin wasan yake, ba kai, sai daga baya ya tsiro da shi ba tare da an ce wa kowa komai ba. Auta na ganin mujalla ce ke da iko da shi, don a can ne Ratchet ya rage shi kaɗai ya fuskanci Megatron, shugaban miyagu, ya je ya tono Dinobots, Autobots masu rikiɗa su zama dinoso, alhali a katun yawanci yana gefe yana ɗaure waya. Yaya ya ce abin da bai motsa ba, bai yi magana ba, ba hujja ba ne. Daga nan suka faɗa rigimar da ta girmi ɗan Yaya nesa ba kusa ba: Rumble, ɗan ƙaramin mugun nan, ja ne ko shuɗi? A kwalin abin wasa Rumble ne ja da baƙi, ɗan'uwansa Frenzy shuɗi, katun kuma ya juya su. Shekara arba'in masoya na wannan musu, ba a teburina za a raba shi ba. Na tafi ɗauko ruwa.

Bai kamata in riƙa fita daga ɗakin nan ba. Auta ya samo jan farcen matar Yaya ya shafe hular. Sinadarin da ke cikin jan farce ya fi ƙarfin fentin ruwa, sai ya ci shi ta ƙasa ya tattare shi. Fari da ja suka cakuɗe, goshi ya yamutse, jan ya gangaro kumatu. Ratchet ya tsufa da shekara saba'in cikin minti biyar. Wannan karon dole aka koma ga ruwan goge jan farcen, tunda daskararren gam na jure shi na ɗan lokaci. Fallen roba kuwa ba ya jurewa. Ƙahon ya yi laushi, ya langaɓe, ya kwanta a kan hanci.

Don a zauna lafiya na yi kai biyu, fari ɗaya, ja ɗaya. Na huda ƙasan kowanne na binne maganaɗisu mai faɗin milimita biyu, na lanƙwasa siririn ƙarfe ya maƙale a bayan kujera ba tare da gam ba, yadda za a ɗora kai in yana tsaye, a cire in zai zama mota. Kamfanin da kansa bai fi ni dabara ba: da Takara Tomy ta sake fitar da tsohon samfurin a jerin Encore, kan kwali ta buga a jikin fakitin, ka ɓalle ka soka a bayan gilashi. A 2016, a jerin da ake kira Masterpiece, an samu Ratchet wanda kansa ke naɗewa cikin jiki ya kuma yi kama da na katun, shi ma don ya fi girma sosai kuma gaɓoɓinsa sun ninka na tsohon. Illar tawa dabarar ita ce ƙananan maganaɗisu haɗari ne babba in yaro ya haɗiye, don haka na kafa sharaɗi: jiki na yaro, kawuna a ajiye su can sama, sai da babba a wurin.

Aka kira mai kyautar. Yaya ya ɗora farin kai, Auta na riƙe da jan a tafin hannu yana jiran a tambaye shi. Yaron ya dubi motar, ya dubi ubansa, ya juyo gare ni.

"Baffa, wannan wane ne?"

Muka haɗa baki muka ce Ratchet.

"A'a. Ratchet kore ne."

Shi na fim ɗin 2007 ya sani, inda likitan ya koma ƙatuwar Hummer mai launin kore da rawaya, fuskarsa duk ƙarafa. Ya cire kan ya miƙo min, ya harhaɗa motar ya rufe ta ƙarau, ya tura ta ƙasan kujera yana jiniya da baki. Yaya ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Kana da koren fenti?"

Na jawo durowar fentin na sa mata makulli.