Baƙin hayaki ba kullum laifin nozul ba ne

Abin da ke damuna a garejin manyan motoci shi ne, da zarar tirela ta fara baƙin hayaki ta rage ƙarfi, sai a ce nozul ne, wato mai fesa gas cikin inji, ko famfon injekta da ke turo masa gas ɗin. Masu faɗin haka suna da hujja, don lalataccen nozul yana kawo hayaƙi irin wannan. Amma sau da yawa gas ɗin daidai yake zuwa, iska ce ba ta isa ba.

Turbo yana matso iska, matsin yana sa ta yi zafi, sai ta bi tiyo zuwa intakula da ke gaban lagireto ta huce, sannan ta shiga inji. In tiyon ya tsage ko kilif ɗin da ke ɗaure shi ya saki, iskar sai ta zurare a hanya, gas ya kasa ƙonewa duka.

Abin yana da wuyar ganewa ne domin a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, matsin kaɗan ne, tsagar a rufe take. Sai mota ta ɗauko siminti ta kama Hawan Kibo a hanyar Jos, nan za ka ji tana huci kamar kububuwa, hayaƙi ya turnuƙe. Ka leƙa bakin tiyon: in ka ga jiƙar mai da ƙura ta manne, to nan ne.

Kuma kilif ɗin tiyon ruwa ba ya riƙe wannan wuri. Mai sifirin ake sa wa, don robar tana kumbura da zafi ta koma in ta huce. Tsananta ɗauri kuwa yanka tiyon yake yi. A goge mai tas daga bakin bututun kafin a sa sabon tiyo, in ba haka ba zai suɓuce.