Cire salansa ba ya ƙara wa babur gudu

Samari da yawa masu wasa da babur sun yi imani cewa in an fasa salansa ko an cire ta, mashin zai ƙara gudu. Ƙara ce kawai ke ƙaruwa, ita ke yaudarar kunne.

Kamfani yana daidaita kafireta ne da salansar da ya ɗora. Da ka cire ta, iska kan yi wa fetur yawa a cikin injin, sai ya riƙa zafi, ƙarfin tashi daga tsaye ya ragu. Kwance fulogi ka duba bakinsa: in ya yi fari fat, to injin na cin wuya, kuma bawul na iya ƙonewa.

A injin mai shan fetur gauraye da baƙin mai, abin ya fi muni. Kumburin cikin bututun hayaƙi shi ke mayar da man da ya kuɓuce zuwa cikin silinda. Injiniyan kamfanin MZ na Jamus ta Gabas, Walter Kaaden, da wannan dabara ya girgiza masu tsere a shekarun 1950. Masu tseren gaske in sun canza bututu, sai sun sake saita kafireta daga farko.